Injin folish ba ya ƙara wa mota fenti, ragewa yake

Duk wanda ya kawo mani mota rumfata da ke wajejen Ƙofar Ƙaura don a goge mashi fenti, kafin in jona inji sai na tsayar da shi mun yi magana. Wasu har ƙosawa suke yi, su dai so suke su aje makulli su dawo da la'asar su tarar da mota tana ɗaukar ido. Amma maganar ba ta tsallakuwa, domin yawancin mutane sun ɗauka folish wani abu ne da ake shafa wa mota ya zauna a jikinta. Injin nan cin fenti yake yi. Duk ƙyallin da ka gani bayan an gama, da fentin motarka aka saye shi, kuma abin da aka cinye ba ya tsirowa.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke kama ƙarfe ya hana tsatsa, sai launi, sai wani ruwa garai-garai da ake fesawa a sama, wanda masu fenti ke kira kiliya. Ita ke ba da sheƙi, ita kuma ke tare wa launi rana. A motar da ta fito daga kamfani, kaurin su ukun a haɗe bai cika wuce mikron 100 zuwa 150 ba, mikron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Kiliyar kaɗai tana tsakanin 35 da 50, wato da ƙyar ta kai rabin kaurin farar takardar ofis. Cikin wannan ɗan tsirit ɗin duk aikina yake. Ƙarzuwa siririn rami ce a jikin kiliya. Inji ba ya cike ramin, tudun da ke gefensa yake ragewa har su zo daidai, haske ya daina wargajewa in ya sauka.

Mafi yawan ƙarzuwar da nake gani a Katsina ba hatsari ya kawo ta ba, ba kuma yaran unguwa masu zane da ƙusa ba. Tsumma ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya kankama, mota ta kwana a fili sai a wayi gari ƙura ta lulluɓe ta. Maigida zai fita aiki, sai maigadi ko yaron gida ya ɗauko busasshen tsumma, ko tsohuwar singileti, ya bi ta tun daga bonet har but, da kyakkyawar niyya. Ƙurar nan kuwa cike take da ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Kowace safiya ana jan su a kan fenti. Sai kuma wajen wanki: bokiti ɗaya, omo, soson da aka dirje taya da shi shi za a mayar kan ƙofa, a watsa ruwan rijiyar burtsatse a bar shi ya bushe a rana ya bar fararen ɗige-ɗige. Ka fito da baƙar mota da tsakar rana ka dubi inda hoton rana ya faɗo a bonet, za ka ga siraran layuka sun kewaye shi kamar saƙar gizo-gizo. Su ne ke sa baƙar mota ta koma toka-toka. Farar mota ma tana da su, ɓoyewa kawai take yi.

Irin wannan aikin inji ne, kuma yana fitar da shi tas. Amma ba kowace ƙarzuwa ce ke fita ba, kuma nan muka fi samun saɓani da masu mota. Wani dattijo ya taɓa kawo mani baƙar Camry, mai a-daidaita-sahu ya goge mashi ƙofar baya a cunkoson kasuwa. Ya nuna mani dogon layi fari ya ce, "Malam, wannan nake so ya ɓace."

Na jiƙa tsumma na shafa wurin. Rabin layin ya ɓace cikin ruwa, rabi ya tsaya fari ƙal. Na ce, "Ranka ya daɗe, bi shi da farce a hankali, a gicciye."

Ya bi. A farkon layin farcen ya wuce sumul, a tsakiya sai ya ɗan maƙale.

Na ce mashi, "Inda ruwa ya ɓoye, farce bai kama ba, a kiliya ya tsaya, zai fita. Inda farce ya kama ya yi zurfi, wataƙila ma ya taɓa launi. Zan iya kashe mashi kaifin baki ya rage haske, amma in na ce sai ya ɓace gaba ɗaya, sai na cinye kiliyar wurin."

Ya yi shiru ya ce, "To kada garin neman gira a rasa ido. Yi wanda zai yiwu." Haka aka yi, daga baya mai fenti ya ɗiga mashi launi da ɗan buroshi a tsakiyar.

Shi aikin kansa, rabinsa ana gama shi kafin inji ya yi ƙara. Wanki na farko da ruwa mai yawa. Bayan nan in sa hannuna cikin siririyar leda in shafa bonet. In na ji ƙwarzo-ƙwarzo, akwai abin da ya manne: kwalta, feshin fentin wata motar, ƙaron itace. Da wani ɗanko na musamman ake cire su, ana fesa ruwa mai santsi ana murza shi a hankali har wurin ya yi sulɓi. In ka tsallake wannan, soson inji ya tsinci ƙwayar yashi ɗaya, kai da kanka za ka zane motar da inji. Sai a liƙe robobi, da bakin fitila, da tambarin mota da tef ɗin takarda. Kuma a inuwa, jikin mota da sanyi. A Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, motar da ta shigo daga rana sai ta huce tukuna, in ba haka ba maganin gogewa da ake ɗiga wa soson inji bushewa zai yi a take ya zama gari.

Ba na fara mota da mafi kaifin magani. Nakan ja tef a tsakiyar bonet in ware ɗan fili, kamar kamu biyu kowane gefe, in gwada soso mai laushi da magani mai sauƙi. Ɗigo uku ko huɗu a kan soso, kowane bai wuce ƙwayar wake ba. In dangwala shi a wurin, in baza da ƙaramin gudu, sannan in ƙara. Soso ya kwanta shimfiɗe, hannu na tafiya sannu, daga hagu zuwa dama, kowane layi ya hau rabin na baya, sannan sama da ƙasa. Da farko maganin fari ne mai kauri, kana cikin yi sai ka ga ya koma kamar ɗan maiƙo da ake hango fenti ta cikinsa, to ya gama aikinsa. In goge, in ɗora bayan hannuna in ji ɗumin wurin, in cire tef in haska fitilar waya a kan layin. Gefe ɗaya hazo, gefe ɗaya baƙi wuluk har kana ƙirga kwanon rumfa a ciki. Har yau wannan layin yana faranta mani rai, kuma shi nake kiran mai mota ya gani. In sauƙin ya isa, a nan zan tsaya, da shi zan bi sauran motar. In bai isa ba ne nake hawa mataki ɗaya, in koma maganin da ya fi ci, irin su G3 na Farécla ko na 3M, daga baya in bi da mai laushi don share sawunsa.

Injin iri biyu ne. Akwai mai juyi zalla, wanda gudunsa ke kamawa daga wajen 600 zuwa 3,000 a minti. Yana da ci, yana da sauri, yana kuma tara zafi. A kan kusurwa ko ƙashin bayan ƙofa, inda fenti ya fi sirantaka, ɗan tsayawa kaɗan ya isa ya ƙone wuri. Akwai kuma mai juyi haɗe da karkarwa, wanda ba ya dawwama a layi ɗaya, in ka danne shi da yawa ma juyin tsayawa yake. Ya fi jan lokaci, amma duk mai koyo da shi ya kamata ya fara, ni ma da shi nake ƙarasa kusan kowace mota. Bamba ta roba kuma ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, sai an bi ta da lallaɓa.

Abin da ke ci mani rai shi ne bafin ɗin gefen titi, wato folish ɗin da ake yi a can, musamman ana saura kwanaki Sallah. Za ka ga an ɗauko injin yankan ƙarfe, mai juyi sama da 10,000 a minti, an ɗaura mashi soson ulu da ya sha motoci bai ga ruwa ba, a tsakiyar rana, a gama mota kafin ka shanye lemo. A ƙarshe a mulka mata wani mai da ke cike ramukan na ɗan lokaci. Ranar Idi kam tana ƙyalli. Wanki biyu ko uku sai man ya tafi, ƙarzuwa ta dawo, ga kuma wasu inuwoyi masu rawa a jikin ƙofa, sawun inji, ga kiliya ta ragu ba gaira ba dalili. Araha ba ta ado. Shi ya sa nake goge inda na gama da sifirit ɗin isofurofil da aka sirka da ruwa kafin in yanke hukunci. Yana wanke maiƙo ya nuna ainihin abin da ke ƙasa.

Motocin da suka sha hannu sai an ƙara kula. Da yawa cikin 'yan Kwatano da ke yawo a garin nan an taɓa yi masu feshi, a can ko a nan. Ina da 'yar na'urar auna kaurin fenti: ka ɗora a ƙofa ta nuna 120, ka matsa gefen taya ta nuna 400, ka san an sake fesawa, in ta doshi 1,000, akwai fila, wato abin da ake cike loɓar jikin mota da shi, a ƙasa. Sai dai jimilla take nunawa, ba ta ware kiliya daban, don haka in na ga rufin mota ya yi ƙasa da sauran jiki sosai, nakan ɗauka an riga ni wucewa ta wurin, sai in sassauta. Tsofaffin motoci kuwa, irin 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, yawancin masu launi zalla ba su da kiliya. Kana gogawa soso zai ɗauki launin motar, kuma ba laifi ba ne, mataccen saman ne ke fita. Amma a mota mai kiliya, ganin launi a soso na nufin an huda.

Akwai wadda ba na karɓa sam: motar da rufinta ko bonet ya yi fararen taswira yana ɓarewa. Wannan ba hazo ba ne, kiliya ce rana ta kashe. Inji faɗaɗa wurin zai yi. Sai mai fenti.

In an gama, sai a shafa waks ko wani abin kariya irinsa, don ruwa ya riƙa zamewa, kashin tsuntsun da ke sauka ƙarƙashin dogon yaro kuma kada ya ci fenti da wuri. Shi wannan a cire shi ranar da ya faɗo, da jiƙaƙƙen tsumma. Gogewa mai ci ba ta kowace Sallah ba ce. Mota ɗaya sau kaɗan za ta iya ɗauka a rayuwarta, musamman da irin zafin ranar da muke da shi, don haka nakan ce a yi sau ɗaya da kyau, zai fi a bari hazo ya janye, sannan a gyara wanki. Ina roƙon mai mota ya turo mani wanda ke wanke mashi ita, don shi ne zai riƙe aikin ko ya rushe shi. In nuna mashi bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso. A fara watsa ruwa ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa. Daga rufi a gangaro. Soson taya daban. A tsane da tawul mai laushi a inuwa. Safiyar da ba ruwa ko ba lokaci, a share gilasai kawai a fita da ƙurar haka nan. Tamfol ma kada a rufa a kan mota mai ƙura, iska na kaɗa shi yana dirzar fenti duk dare. Wadda aka yi wa sabon feshi kuma a ba ta kamar wata guda fentin ya gama ƙanƙamewa kafin a shafa mata waks.