Maimand, ƙauyen da mutanensa ba sa zama wuri ɗaya

Daga garin Shahri Babak, a lardin Karman na ƙasar Iran, zuwa Maimand tafiyar kamar kilomita 35 ce. Hanyar busasshiya ce, duwatsu hagu da dama. Da muka isa ban ga gini ba. Sai da direbanmu ya nuna min gefen dutse na lura da ramuka jere, wasu kan wasu, kowanne da ƙofar katako. Ashe gidajen ke nan. Da hannu aka sassaƙa su a cikin dutsen, har da masallaci da gidan wanka.

Wani dattijo ya shigar da mu nasa. Sai ka sunkuya ka bi wani ɗan lungu kafin ka kai ɗaki. Rufin ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekara da shekaru, an shimfiɗa darduma, an haƙa ƙananan gurabu a bango inda ake ajiye fitila da kwanuka. Ya kawo shayi da gyadar fistashiyo. Abokin tafiyata, wanda ya iya Farisanci, shi ya yi mana tafinta.

Na yi aikin ƙidaya a gida a 2006, don haka tambayar da ta fara zuwa bakina ita ce: "Baba, ku nawa ne a garin nan?" Ya yi murmushi, ya ce sai na faɗa masa a wane wata nake nufi.

Gaskiyarsa. Mutanen Maimand a lokacin sanyi kawai suke zama cikin kogunan dutsen nan. Idan ciyawa ta fito sai su gangara fili da tumaki da awaki, su zauna a bukkokin da rabinsu ke cikin ƙasa. Da zafi su haura lambuna, inda suke da fistashiyo da almon, su kafa rumfunan rassa. Wannan zagayen ne ya sa UNESCO ta sanya yankin cikin kayan tarihin duniya a 2015. Duk wanda ya taɓa bin rugar Fulani da takardar ƙidaya ya san irin wahalar: ka zo yau ka iske toka, masu ita sun tashi.

Ƙidayar Iran ta 2006 ta rubuta mutum 673 a gidaje 181 a ƙauyen. An sake ƙirgawa a 2011 da 2016, adadin ya yi ƙasa sosai. Ba ƙaurar kiwo kaɗai ba ce. Samari sun koma Shahri Babak, wasu suna aiki a ma'adinan tagulla na yankin, irin su Miduk. Ƙofofi da yawa na gani da kwaɗo.

Tsarin mulkin nasu hawa-hawa ne. Ƙasar na da larduna 31, kowane lardi an raba shi zuwa shahristan, shi kuma zuwa bakhsh, sannan dehistan, wato gundumar da ta haɗa ƙauyuka. Maimand na cikin dehistan mai sunansa, a ƙarƙashin Shahri Babak. Manyan jami'an naɗa su ake yi daga sama. A ƙauye ne abin ya bambanta: tun 1999 mazauna ke zaɓen majalisarsu, majalisar kuma ta ɗauki dehyar, mai kula da ruwa da shara da gyaran hanya. Wannan ya burge ni, domin mutumin da za ka kai wa kuka maƙwabcinka ne, ka san gidansa.

Amma abin ya tsaya min a rai. Hukuma da lissafi take aiki, kuma ƙauyen da takarda ta ce ya ƙanƙance shi ne na ƙarshe idan ana rabon makaranta ko asibiti. Dattijon ya ce jikokinsa duk a birni suke karatu, sai hutu suke zuwa. Masu yawon buɗe ido na ƙaruwa, an ma mayar da wasu kogunan masauki, amma baƙo ba ya kiwo, ba ya gyaran magudanar ruwan lambu.

Kafin magariba muka kama hanyar Shahri Babak. A gangare muka wuce wata tsohuwa da ɗanta suna ɗora barguna da tukwane a bayan a-kori-kura, za su sauka fili wajen dabbobi.