Tarihin Rayuwata, Kashi na 31: Bikin Tumaki na Rhinebeck da Taskirar Inna

Makon jiya na yi alkawarin kawo labarin haihuwar Auta da tashinmu daga gidan haya na farko a Bronx. Ku yi mini haƙuri, wannan zai jira. Oktoba ta kama, kuma duk shekara in ganyen itatuwan garin nan ya fara ja, hankalina Rhinebeck yake tafiya, garin da ake bikin tumaki da ulu a jihar New York, daga can ya zarce Funtuwa, ɗakin Inna.

Masu bin labarin nan tun farko sun san Inna, mahaifiyar Baba, wadda aka sa mini sunanta. Sun kuma san maganarta, don na sha faɗa: "Takwara, zare ba ya rufa wa hannu asiri." In kin kaɗa cikin fushi zai nuna, in kin kaɗa cikin gaggawa zai nuna. Ina zaune gabanta tun ban kai sa ɗankwali ba, tana gurzar auduga a kan dutse, ta shiɓe ta da ɗan bakanta, ta dangwali alli da yatsu biyu, ta murza mazari. Arafiyarta masaƙa har gida suke biyowa su saya.

Yadda na faɗa cikin matan saƙa kuwa, lokacin ina aikin kula da tsofaffi ne a gidajensu. Wata Asabar na shiga laburaren unguwarmu buga wa yara takardar makaranta, sai na ga mata sun kewaye tebur kowa da ƙullin ulu a cinya. Ni kwarashi na iya tun makarantar kwana, hular jarirai da safa, irin na kayan suna. Saƙar tsinke biyu su suka koya mini. Uku daga cikinsu suka zama nawa: wata tsohuwar nas 'yar Jamaika, wata malamar firamare Bayahudiya da ta yi ritaya, da wata yarinya mai mota wadda ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Shekarun da suka biyo baya aiki ne da sanyi da renon yara, ba wani abin faɗa a ciki.

Su suka ce sai na bi su bikin. Kuma akwai al'ada: ba a zuwa Rhinebeck da rigar kanti. Mace takan ɗauki watanni tana saƙa suwaitar da za ta sa ranar, wata ma a mota take ƙarasa hannun riga. Ni na ce ba zan sa zanen kowa ba. Na yagi takardar lissafi mai gida-gida daga littafin Babban Yaya, na zauna da fensir na fitar da dagi, gida ɗaya ɗinki ɗaya, na saƙa shi fari a kan shuɗi a ƙirjin rigar. Da na gaya wa Maigida inda za mu, ya ce, "Bikin tumaki kuma, ba Layya ba?" Amma ya ba ni izini, har da kuɗin mai na ba yarinyar.

Tafiyar kamar awa biyu ce arewa da birnin New York. Akwai jirgin ƙasa da yake bin gaɓar kogin Hudson ya sauke mutum a Rhinecliff, amma mu mota muka bi. Ana yin bikin ne a filin baje koli na gundumar Dutchess, Asabar da Lahadi, a mako na uku na Oktoba. Tun 1980 ake yinsa, makiyayan yankin ne suka fara don sayar da tumakinsu, yau kuwa dubban mutane ke zuwa, masu rumfa ɗaruruwa. Tun daga layin shiga matan da ban taɓa gani ba suke tsayar da ni, su nuna dagin, su tambayi wa ya zana. In na ce ni ce, sai su ce a ina za su sayi zanen. Atamfa ce a jikina, suwaita a sama, mayafi a kai, kuma ban ga wanda ya yi mini kallon baƙuwa ba.

Abokan tafiyata rumfunan zare suka nufa da gudu, don akwai masu rini da kayansu ke ƙarewa kafin azahar. Ni garken na ce a kai ni. Na tashi cikin tumaki, Baba bai taɓa rasa ragon turke ba, na san Uda, na san Balami, na san 'Yankasa. Duk namu gashi ne a jikinsu, gajere, shi ya sa ba mu gaji aske tunkiya ba, auduga muka gada. Waɗannan kuwa wata halitta ce. Merino fatarta har ninkewa take, ulun ya cika ya toshe, in ka buɗa da yatsu sai ka ga can ciki fari sol mai laushi alhali samansa ya yi datti. Romney nata dogo ne mai sheƙi. Akwai ƙananan 'yan Shetland, akwai Jacob mai dabbare-dabbare, wani ragon da ƙaho huɗu. Na tsaya gabansa ina ta subhanallahi. Yawancinsu an datse musu wutsiya tun suna 'yan raguna, saboda ƙazanta da ƙuda.

Na ga aski da idona. Mutumin ya zaunar da tunkiya a kan gindinta, ya jingina bayanta da ƙafafunsa, sai ta yi laƙwas ba ko motsi. Ya fara daga ciki da injin aski, ya bi cinya, ya bi wuya, yana juya ta da gwiwa, cikin 'yan mintoci ulun ya sauka gaba ɗaya a haɗe kamar an tuɓe mata bargo. Ta miƙe siririya ta ruga. Wata mata ta ɗauki ulun ta watsa a kan tebur mai raga, ta bi gefe tana cire na ciki da na gindi. Na sa hannu na taɓa. Da ɗumin jikin dabbar, da wani maiƙo da ya kama mini tafin hannu, shi ne man da ake sa wa a man shafawa. Wuraren karnukan kiwo da gasar tsallen lama, wata dabba dangin raƙumi, nas ta ja ni, na leƙa na wuce.

A wata rumfa can ƙarshen wani dogon zaure abin ya same ni. Wani dattijo ne mai sassaƙa, ya jera mazarai a kan baƙin ƙyalle, an goge su suna ƙyalli, kowanne da takardar kuɗi a rataye. Yawanci irin nasu ne, wanda ake saki yana lilo a iska mutum na tsaye. Amma a gefe akwai 'yan sirara masu tsini da ake kafawa a cikin ɗan kasko a murza, irin riƙon Inna. Kuɗin guda ɗaya, in aka canza, na san Inna ba ta taɓa riƙe kamarsa daga kaɗin shekara ba. Wata budurwa tana ta fama da ɗaya, zaren na tsinkewa. Ban san lokacin da na ce ta ba ni ba.

Na durƙusa, don Inna ba ta taɓa kaɗi a tsaye ba. Na kafa tsinin, na murza, na ja da hagu. Ulu ba auduga ba ne: silin auduga bai wuce gaɓar yatsa ba, sai an ba shi murɗi mai yawa kafin ya kama, na ulu kuwa dogo ne, yana riƙe juna da kansa. Duk wadda ta koya a auduga, ulu wasa ne a hannunta. Zaren ya fito siriri, bai yi ƙulli ba, bai tsinke ba. Babu alli, sai na riƙa goga yatsuna a zani. Da na ɗaga kai mutane sun kewaye ni, wasu na ɗauka a waya. Dattijon ya sunkuyo ya ɗauki zaren ya duba a haske, ya tambaye ni a wace makaranta na koya. Na ce wajen kakata, a Najeriya. Ya ce lallai kakata gwana ce.

Ni hannuna kawai ya gani, amma Inna ya yaba. Zare ba ya rufa wa hannu asiri, har hannun da ya koyar ma yana tonawa. Malamar nan ta ga idona ya kawo ruwa ta riƙe mini kafaɗa, tana tsammanin daɗi ne. Da daɗin, amma Gwaggo nake tunawa.

Na taɓa gutsura muku wannan a kashi na tara, yau zan faɗe shi duka. Gwaggo 'yar Inna ce ta cikinta. Da ta auri ma'aikacin masaƙa ta koma Kakuri a Kaduna, kaɗin uwarta ya zame mata abin kunya. Duk zuwa sai ta ce, "Inna, ki bar wahalar nan, inji na yin na shekararki a minti ɗaya, kina sa ana cewa ba ma kula da ke." In ta gan ni da mazari ta fizge, wai 'yar boko ba ta zama da alli a hannu. Inna ba ta tanka mata, sai ta bari ta tafi ta miƙo mini abina. Da Allah ya yi wa Inna rasuwa ina makarantar kwana. Kafin in dawo an yi sadakar bakwai, an share ɗaki. Na tambayi taskirar, wadda mazaranta ke ciki da bakan shiɓa da ƙullin alli da abawar da ba ta ƙarasa ba. Umma ta kawar da kai. Ƙanwata ce ta ja ni bayan madafa ta nuna mini. Gwaggo ta ce tarkace ne, ta tura a murhun da aka dafa abincin sadaka. Na tona tokar da kara, na sami gululu ɗaya, wuta ta fasa shi biyu.

Ba gado ba ne, na sani, ba wanda zai kai ƙara kan taskira. Zannuwa da tasoshi aka raba, ban nemi ko ɗaya ba. Amma kowa a gidan ya san wa Inna take cewa za ta bar wa mazaranta, Gwaggo ma ta sani. Kuma masaƙun Kakurin da take taƙama da su, ku je ku gani yau. Mijinta a gida ya ƙarasa rayuwarsa yana jiran haƙƙinsa, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, ba ruwansa. Ga shi a ƙasar da ta fi kowa inji, mata masu digiri suna bin layi su biya kuɗi a koya musu abin da aka ƙona a gidanmu.

Na sayi mazarin. Na kuma shiga rumfar da ake sayar da ɗanyen ulu a manyan ledoji, kowace da takardar irin tunkiyar da nauyi da sunan gona, na ɗauki na Romney mai ruwan toka. Nas ta gargaɗe ni cewa in an wanke nauyin zai ragu sosai, kuma kada in cuɗa shi a ruwan zafi, zai dunƙule ya zama ba ya kaɗuwa. Naman rago ko'ina ana gasawa, ƙamshi ya cika filin, amma ba yankanmu ba ne, sai na tsaya a kan ɗan cincin ɗinsu na tuffa mai zagaye da ruwan tuffa mai ɗumi, bayan na tabbatar ba mai sa maye ba ne. Azahar da la'asar a filin ajiye motoci na yi su, a kan ciyawa, yarinyar ta tsaya gefe riƙe da jakata har na sallame.

Hunturun nan kaf a kan ulun na ƙare. Na jiƙa shi kaɗan-kaɗan a bahon wanka, yara na toshe hanci, na shanya a kan raga, na taje, na kaɗa da dare bayan na dawo aiki. Na murɗe shi biyu don ya yi ƙarfi.

Bara waccan 'yar Gwaggo ta kira ni, muna cikin hira ta ce tsohuwa ba ta barci in sanyi ya sauko, ƙafafu ke damunta. Gwaggota ce, ƙanwar Baba, ba zan ji haka in yi shiru ba. Na saƙa mata safa ƙafa biyu da mayafin kafaɗa daga zaren nan, na ba mai zuwa Kano ya kai. Amma na ce wa 'yarta, "Don Allah in kin ba ta, ki gaya mata ba na kanti ba ne. Da mazari na kaɗa, riƙon Inna."

Ta ce ta faɗa mata kamar yadda na ce. Wai Gwaggo ta juya safar ciki da waje, ta ja zaren da farce, ta ce a ce mini an gode, Allah ya yi albarka. Taskirar ba ta ambata ba, har yau. In Allah ya kai ni gida baɗi zan je gaishe ta, kuma zan tambaye ta da bakina.