Daga Tokyo zuwa Osaka da Fulogi Mai Ƙafa Uku

Dare ya yi nisa lokacin da na isa masaukina a Tokyo, wayata kuma saura ƙiris ta mutu. Na ciro caja na durƙusa a gefen gado, sai na tarar ramukan soket ɗin biyu ne kacal, sirara kuma a tsaye, alhali fulogina mai ƙafa uku ne masu kauri, irin na Ingila da ake saka wa fiyus a ciki. Babu yadda ban juya shi ba, amma ya ƙi shiga. Ma'aikacin masaukin ne ya ara mini adafta, sai dai kafin ya miƙo ta ya karɓi cajar, ya kai ta kusa da fitila, ya nuna mini wani ƙaramin rubutu da ban taɓa kula da shi ba: 100–240V, 50/60Hz. Ma'anarsa ita ce cajar tana ɗaukar wutar kusan kowace ƙasa, ciki har da ta Japan, wadda ƙarfinta bolt 100 ne, ƙasa da 120 na Amurka, nesa kuma da 230 na Turai.

Da safe na jona ɗan dutsen gugana na tafiya, wanda 230V kawai aka rubuta a gindinsa. Na jira har na gaji, bai wuce ɗumi-ɗumi ba, domin adafta siffar ƙafafu kaɗai take sauyawa, ba ta ƙara wa wuta ƙarfi ba ta kuma rage mata. Dutsen da aka ƙera don bolt 230, idan ya samu 100, zafin da zai bayar bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Haka na fita da riga a yamutse.

Bayan kwana uku muka hau Shinkansen, jirgin ƙasan Japan mai tsananin gudu, zuwa Osaka ni da wani dattijo abokin tafiyata. A hanya muka ƙetare kogin Fuji, inda wutar ƙasar ta rabu gida biyu: gabas tana kan 50Hz, yamma kuma 60Hz, wato yawan kai-komon da wutar ke yi a daƙiƙa guda. Asalin abin shi ne Tokyo ta sayo janaretocinta daga kamfanin AEG na Jamus a 1895, Osaka kuwa ta sayo nata daga General Electric na Amurka a 1896, kuma har yau ba a daidaita su ba.

A Osaka dattijon ya sayi dutsen guga mai kyau ƙwarai, na ga 100V a jikin kwalinsa. Na ce masa, “Baba, wannan sai an haɗa shi da taransifoma idan an bar ƙasar nan.” Ya ce ai yana da adafta mai baki iri-iri.

A hanyar dawowa muka kwana a Frankfurt ta ƙasar Jamus, inda soket ke da ramuka biyu masu zagaye. Adaftar tasa ta shiga daram. Ba a jima ba ƙauri ya cika ɗakin, fitilu suka ɗauke, muka tsaya cikin duhu yana laluben fulogin don ya zare.