Kwasar ganima a wasannin dabarun yaƙi: abin da ake biya kafin a ɗauka

Yawancin masu buga wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta suna ganin makamin da abokin gaba ya bari a fili kamar tsintuwa ce. Amma kowace ganima tana cin wani abu, ko sojoji, ko lokaci, ko saurin tafiya, kuma yadda ka kashe mai makamin shi ke nuna ko za ka samu abin ɗauka ma.

Company of Heroes 2, wanda ya fito a 2013, ya fi kowanne fito da wannan a fili. Idan aka kashe duk masu riƙe da mashin-gan MG42 ko igwar fasa tanka PaK 40, makamin yana zama a wurin, kowa na iya zuwa ya ɗauka. Sai dai galibi mutum uku ake cirewa daga rukunin da ka tura. Rukunin Conscripts na Sobiyet mutum 6 ne, don haka uku za su rage, kana iya mayar da su sansani a cike gurbinsu. Grenadiers na Jamus kuwa 4 ne. Idan ɗaya ya riga ya faɗi ka tura ragowar ukun, rukunin ya tafi ke nan gaba ɗaya, tare da duk ƙwarewar da ya tara, sababbin masu riƙe da igwar kuma daga sifili za su fara. Shi ya sa ba a tura tsofaffin sojoji masu taurarin ƙwarewa wannan aiki. Rukuni mai arha kuma cikakke ake turawa. A duba lafiyar makamin kafin a taɓa shi, domin igwar da ta sha luguden wuta harbi ɗaya zai ƙarasa ta, sai injiniyoyi sun gyara. In kuma ka ga ba za ka iya janye ta ba, umarci tankarka ta harbi ƙasan da take har ta tarwatse, kada a wayi gari ana harbinka da ita.

A XCOM: Enemy Unknown na 2012, inda ake yaƙi da baƙin halittu daga wata duniya, makamin baƙon halitta yana fashewa da zarar mai shi ya mutu, ɓaraguzai kawai za ka kwasa don bincike. Ka kashe shi da gurneti ko roka, ɓaraguzan ma sun tafi. Cikakkiyar bindigar filasma ta baƙon tana zuwa hannu idan ka kama mai ita da rai da na'urar sumarwa ta Arc Thrower, bayan ka rage masa makin lafiya zuwa 3 ko ƙasa da haka. Matsalar ita ce dole sojanka ya matso dab da shi, kuma kamun na iya kuskurewa, don haka a ajiye wani sojan da bai yi harbi ba tukuna a baya, ya ƙarasa aikin idan abu ya ɓaci.

Age of Empires II ya bi wata hanya dabam. Malamin addini da wasan ke kira Monk, mai cin zinare 100, yana juyar da sojan abokin gaba ya dawo naka. Juyarwar tana ɗaukar daƙiƙa 4 zuwa 10, sannan malamin ya huta kusan minti ɗaya kafin ya sake. Wannan hutun ya sa ɓarna ce a kashe shi kan ɗan mashi. Jarumin doki mai sulke ko giwar yaƙi ake nufa. Gine-gine da injinan rushe ganuwa ba sa juyuwa sai an binciko fasahar Redemption, kuma ko da ita ba a taɓa fada ko cibiyar gari. Abin da mutane ke mantawa: sojan da ka juyar yana tsayawa a matsayin da ka same shi, ingantawar da za ka yi daga baya ba ta shafe shi.

Ga masu Mount & Blade II: Bannerlord, nauyi ne abokin gaba. Kayan da suka wuce ƙarfin ayari da fursunoni masu yawa duk suna rage gudu a taswira, rundunar da ta fi ka girma ta cim maka kana jan tsummokara. Ɗauki abin da darajarsa ta fi nauyinsa, riƙe alfadarai kaɗan, fursunoni kuma a kai wa dillalin fansa a gari na farko. Kada a zube takubba iri ɗaya a kasuwa guda, farashi na sauka da kowace sayarwa kuma kuɗin garin yana ƙarewa. Ragowar a kai maƙera a narkar da gawayi, ƙarfen ya yi amfani wajen ƙera wani makamin.