Yadda nake fitar da kuɗin jinga a ɗinkin gida

Matar da ke karɓar kaya daga kamfanin tufafi tana ɗinkawa a ɗakinta, ba a biyan ta da awa. Jinga ce: kaza a kan kowace riga, kaza a kan dozin. Rigimar duk a nan take, domin dokar mafi ƙarancin albashi da lokaci take lissafi. Kafin in amince da kowane farashi, sai na mai da shi awa.

Ina zaɓar masu ɗinki da dama, har da masu sanyin hannu, in sa agogo. Da farko a kan gwanar cikinsu kaɗai na auna, farashin ya fito ƙasa, sauran suka koma kwana a kan keke. Yanzu matsakaici nake ɗauka. Tsarin Birtaniya ya fi min sauƙi: a gano adadin da matsakaicin ma'aikaci ke gamawa a awa ɗaya, a raba da 1.2, sannan a raba albashin awa da abin da ya fito. Idan matsakaici riga 12 ne, lissafi ya koma 10 ke nan, kuɗin riga ɗaya kuwa kashi ɗaya cikin goma na albashin awa. Rarar saboda sabon shiga ce da wanda hannunsa bai faɗa ba.

Abin da ya fi cin mutane shi ne aikin da agogo bai gani ba. Kwance ƙunshi, ware hannun riga da wuyanta, naɗa zare, canza allurar da ta karye, yanke bakin zare, guga, ninkewa, zaman jiran ɗan kwangila, wato mai kawo kayan daga kamfani. Ga wutar lantarki da man keke, duk daga aljihun mai ɗinki. Shawara mai lamba 184 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a biya irin wannan lokaci da irin wannan kashe kuɗi. Ita ce ke rakiyar Yarjejeniya ta 177 ta shekarar 1996, wadda ta nemi a daidaita mai aiki a gida da sauran ma'aikata wajen lada, kariyar lafiya, haƙƙin mai jego da 'yancin shiga ƙungiya. Ƙasashe kaɗan ne suka rattaba mata hannu, shi ya sa nake fara duba dokar ƙasar da aikin yake.

Dokokin kuwa sun sha bamban. Amurka tun shekarun 1940 ta hana ba da ɗinkin kayan mata a gida. Jihar Kaliforniya ta soke biyan jinga ga masu ɗinkin tufafi daga 2022, ta kuma ɗora wa masu tambarin kaya alhakin albashin da aka danne. Tailan ta yi dokar kare masu aikin gida a 2010, lardin Sindh na Pakistan a 2018.

Sai zaftare kuɗi da sunan kaya sun lalace. Sau da yawa laifin daga yanka ne, yadin ya zo a karkace, amma mai ɗinki ake ci wa tara. Nakan duba guda biyar daga kowane ƙunshi a gaban wanda ya kawo, kafin allura ta taɓa shi.

Sufetan ƙwadago ba ya shiga ɗakin kowa haka kawai, kuma ɗan kwangila na iya cewa bai san mai ɗinkin ba. Don haka kowace mai ɗinki na da littafi: ranar karɓa, adadi, farashi, ranar mayarwa, abin da aka cire da dalilinsa, da sa hannun mai kawo kayan. A ƙasan shafin nake sa ta rubuta sunan da ke jikin tambarin rigar, don a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ranar da ɗan kwangilar ya kashe wayarsa.