Mai son karanta Fiziks a jami'a, tun SS1 ake ɗaura ɗamara

Ƙannena na Birnin Kebbi, Argungu, Yawuri da Zuru, duk mai burin karanta Fiziks a jami'a ya sani cewa tun ranar da aka raba ku aji a SS1 aka fara yanke hukuncin.

Abin da takarda ke nema ba shi da yawa. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, a zaman da bai wuce biyu ba: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da ƙarin darasin kimiyya ɗaya. A JAMB kuwa ka cike Turanci, Fiziks, Lissafi da Kemistiri. Ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi kake hari, ko ta jiha da ke Aliero, ko Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, duba ƙa'idarta a kundin JAMB kafin ka biya kuɗin fom.

Darasin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ba a tilasta wa kowa: lissafi mai zurfi, wato Further Maths. Ɗalibai na gudunsa don wai yana ɓata sakamako, wasu makarantun ma ba su da malaminsa. To amma a sakandare ba ka ake yi v = u + at ka haddace, ka zuba lambobi. A shekarar farko ta jami'a tambayar ka za a yi daga ina ta fito, amsar kuma kalkulas ce. Wanda ya taɓa kalkulas da bekta da tirigonometiri yana bin malami tun lakcar farko. Wanda bai taɓa ba yana koyon lissafin da Fiziks ɗin a lokaci guda, nan ne ake fara kwasar kariyoba, wato faɗuwa darasi a sake maimaita shi. In makarantarku ba ta koyar da shi, nemi littafin, ka roƙi malamin lissafi ya ba ka awa biyu a mako, ko da ba za ka rubuta jarrabawarsa ba.

Sai firaktikal. Rashin ɗakin gwaje-gwaje ba uzuri ba ne ga gwajin lilo. Samu zare, ƙaramin noti na ƙarfe, rula da agogon waya. Ka rataye notin a tsawon santimita 40, 60, 80 da 100, kana aunawa daga inda aka ɗaure zaren zuwa tsakiyar notin, ba samansa ba. Ja shi gefe kaɗan, kada ya wuce digiri 10, ka sake shi. Ƙirga zuwa da dawowa sau 20, ka raba lokacin da 20, ka sami T, wato lokacin zuwa da dawowa sau ɗaya. A santimita 100 ya kamata ka ga kusan daƙiƙa 40 gaba ɗaya. Kashe fanka, ka rufe taga in lokacin hunturu ne, iska na ɓata ƙidaya.

Zana giraf, T² a tsaye, tsawon zaren da mita a kwance. Gangarar layin za ta kusanci 4, in ka raba 39.5 da ita sai g, wato ƙaruwar saurin abin da ke faɗowa ƙasa, ya fito wajen 9.8. In ka sami wajen 11, wataƙila ka ƙirga "ɗaya" ne tun lokacin sakin notin; in kuwa wajen 980 ka samu, ka bar tsawon ne a santimita. A jarrabawa maki kan zube kuma wajen giraf ɗin da aka matse a lungun takarda, da teburin da ba a rubuta ma'auni a kansa ba, da haɗa ɗigo da ɗigo maimakon jan miƙaƙƙen layi ɗaya ya ratsa tsakaninsu.