Wanda ke tura mini keke

Da hantsin yau, a wani ofishi cikin garin Katsina, ma'aikacin ya karɓi takarduna, sannan ya tsallake ni ya tambayi yaron da ke tura mini keke: "Me yake so?" Yaron, wanda nake biya duk wata domin ya taimaka mini da wanka da sa tufafi, ya ja da baya kaɗan ya ce: "Malam, ga Kawu nan yana jin ka, shi za ka tambaya." Abin da na daɗe ina koya masa ke nan, kuma sai da lallashi, domin yi wa mutumin da zai ɗaga ka daga gado gobe da asuba gyara abu ne mai wuya, idan ya yi fushi ya tafi, ba a samun madadinsa nan take.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu, amma yau ma sai da yaron ya ciccibe ni a matakala. Tun da muka dawo gida nake tunanin yadda zan yi ranar da ya samu aikin da ya fi nawa albashi.